Motar da Ta Tsani Ranar Kasuwa

Bari in rage maku wahala tun daga farko. In kuna neman wawan da ke cikin labarin nan, kada ku gaji da dube-dube, ni ne. Na faɗa da bakina ne don kada wani a tashar Kankiya ya riga ni, ya ƙara abin da ba a yi ba. Sunana Iro. A aji huɗu na tsaya a firamare, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku bi shi a haka, yadda muke bin hanyar ƙauye da damina.

Ku yaran yanzu a wurinku tuƙi shi ne a riƙe sitiyari da hannu ɗaya, a fito da gwiwar ɗayan ta taga, a kunna kiɗa. To ni aikin farko da na yi a mota weji ne. Maigidana, Mamman Dogo, Allah Ya jiƙan shi, yana da wata tsohuwar babbar mota wadda birkinta sai ya ga dama. In muka tsaya a gangara, ni ke dirowa da guntun icen nan in cusa ƙarƙashin taya kafin motar ta yanke shawarar komawa inda ta fito. Na yi shekaru ina weji, ina ɗaurin kaya, ina wankin sifana da filaya, kafin ya bar ni in taɓa giya. Ba mai yawan koyarwa ba ne, ranƙwashi ya fi yawa. Amma akwai karatu guda da ya dasa mani: mota in ta tsaya, kada ka taɓa komai sai ka buɗe tanki ka zura kara ka ga mai da idonka, don allurar da ke gaban direba maƙaryaciya ce. Wannan ya zame mani jiki kamar alwala kafin salla.

Da na samu tawa, 'yar a-kori-kura ce mai shan fetur, kuma Allah Ya haɗa ni da mutanen Bauranya. Duk ranar kasuwar Kankiya ni ke kwaso su, mu biyo ta Kusada. Buhunan gero da wake a ƙasa, awaki ɗaure a jikin ƙarfe, maza a kan buhu, mata a tsakiya da jarkokin man gyaɗa da kwanonin ƙuli-ƙuli. Na ɗauki wasu suna goye a bayan uwayensu, na zo na ɗauke su da nasu goyon. Ba wata yarjejeniya tsakaninmu. Ranar kasuwa dai motar Iro ake jira, ni ma sauran kwanakin mako duk ƙari ne, wannan ranar ce ke riƙe da gidana.

A cikinsu akwai Abu, mai man gyaɗa, taubashiyata ce, ɗiyar ƙanen mahaifiyata. Kujerar gaba tata ce tun tana da haƙora duka. Ba wanda ya naɗa ta komai, amma in ta shiga mota matan garin sun shiga, in matan sun shiga mazan ba su da zaɓi. Tun daga Bauranya har kasuwa takan yi ta gyara mani tuƙi, ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba.

Waccan motar na san ta kamar ɗakin kwanana. In ta yi tari na san fulogi ne. In ta ƙi tashi da safe in kankare kwantak, ɗan ƙarfen da ke ba da wuta, da bayan kwalin ashana, in tsiyaya fetur kaɗan a kafireta, ta tashi tana ƙunƙuni. Na tsotsi tiyo har bakina ya daina jin ɗanɗanon goro. To sai fetur ya fi ƙarfinmu, ita kuma tsufa ya sa ta sha ba ƙoshi. A daidai lokacin ne kuma baburan nan masu ƙafa uku da bodi, da ake ce wa kurkura, suka cika hanya. Suna shiga lungun da ba na shiga, suna tashi ko da mutum uku ne. Na duba na ga in ban yi wani abu ba za su yagi mutanena ɗaya-ɗaya. Aka ce mani motar gas ta fi ja da kaya, kuma in ka zuba mata mai sai ka manta. Na sayar da tsohuwata, na haɗa da bijimin da nake kiwo, na nufi Katsina.

Wadda na samu fara ce, mai dogon bodi, ta daɗe ajiye ƙarƙashin wata bishiya a bayan gidan wani dillali. Da aka tada ta sai na ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Na buɗe bonet ina neman fulogi da kafireta don in nuna na san abin da nake yi, ban ga ko ɗaya ba. Na gyaɗa kai kawai, kamar wanda aka karanta wa wasiƙa da Turanci. Dillalin ya ce mani motar gas ba ta da rigima, abokin gabarta ruwa ne. Ɗigo kaɗan ya shiga mai, an gama. Ga damina ta kawo kai.

Na dawo gida da maganar ruwan nan a kaina. Murfin tankin nata a waje yake, a gefen bodi, inda duk ruwan sama zai bi. Sai na tuna yadda matan Bauranya ke yi wa jarkar man gyaɗa: a shimfiɗa leda a bakin, a murɗa murfi a kai, ko an kifa ta ba ta zuba. Na samo leda mai kauri, na ninka ta biyu, na shimfiɗa a bakin tankin, na murɗe murfin har sai da hannuna ya yi zafi. Na ja baya na kalli aikina. Na ce a raina su masu ƙera motar da sun zo Kankiya da sun ƙaru.

Ranar kasuwar farko ba zan manta da ita ba. Tun jajibiri na cika tanki har baki, don kada in ji kunya. Mutanen Bauranya suka kewaye motar ana shafawa ana sa albarka. Abu ta shiga gaba, ta danna kujera da hannu, ta ce wannan ta fi ƙarfin mai ita. Muka taso da kaya har sama. Motar tana ja kamar ba ta ɗauki komai ba. Muna wuce Kusada da kaɗan, wajen wata tsamiya, sai na taka totur na ji ba amsa. Ta yi shessheƙa, ta yi shessheƙa, ta mutu.

Na sauko da natsuwa irin ta manya. Na kwance murfi, na cire ledata, na zura kara: mai fal. Na mai da leda na ɗaure. Na buɗe bonet na tsaya ina kallon abin da ban sani ba. Akwai wani ɗan famfon hannu a kan filta da dillali ya nuna mani, ya ce in ta sha iska a danna shi. Na yi ta dannawa, na girgiza wasu wayoyi don mutane su ga ana aiki, na koma na murɗa makulli. Ta tashi. Aka yi mani kirari. Ni kaina na ɗauka wayoyin ne.

A cikin mako na yi jigilar taki zuwa gonaki, na ɗebo yashi, na kai bulo Kafin Soli, da ɗan man da ya rage a gindin tanki. Ko tari ba ta yi ba. Ranar kasuwa ta zagayo, na cika tanki, na kwaso mutane, muka iso tsamiyar nan, ta mutu.

Daga nan na faɗa hannun Haruna. Bakanike ne a Rimaye, shi ke gyaran tarakta da injin niƙa, duk abin da ke shan gas a yankin nan ta hannunsa yake bi. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifi. Ya ce filta ce, aka sa sabuwa. Ya zaga da motar cikin gari, lafiya lau. Ranar kasuwa ta mutu. Ya ce tiyon mai ne ke shan iska, aka canza tun daga tanki har inji. Ta mutu. Ya ciro nozul duka, bakunan da ke fesa wa injin mai, na kai Katsina aka saita. Ta mutu. Ya ce to sai dai a wanke tanki, wataƙila zaman da ta yi ya tara dauɗa. Muka sauke shi muka wanke har yana ƙyalli, muka mayar, ni da hannuna na sa masa sabuwar leda. Murfin nan ba na barin kowa ya taɓa, ni ke kwancewa ni ke ɗaurewa. Daga ƙarshe aka ciro injekta, wato babban famfon da ke raba wa injin mai, na rungume shi a cinya kamar jariri har Kano. Duk wanda ya san motar gas ya san in an kai nan, an kai ƙarshe. Tumakin matata a nan suka tafi. Har yau in an yi baƙi sai ta ba su labarin, wai tana da tumaki uku a cikin injin.

Ku da kuke ganin gyaran mota ɗaure ƙusa ne, ku zo ku kwanta ƙarƙashin mota a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, gas yana bin hannunku har hammata, kuna sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, wani yana murɗa makulli, kuna jiran kumfa ya ƙare mai ya fito tas. Batir ya mutu a tura. Motar gas kuwa ba ta turuwa da mutum biyu. Warin nan ba ya fita da sabulu. Na yi damina guda ana matsawa daga kusa da ni a sahu.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne zaɓen ranar. Mota ba ta san kwanaki ba. Ta yaya za ta yi aiki duk mako, sai ranar da mutanen Bauranya ke ciki ta kwanta, kuma kusan wuri ɗaya? Wani ya ce tsamiyar ce ke da mutanen ɓoye. Na sauya hanya, ta mutu a gaban wata gonar rogo, inda ba ko inuwa. Sai zuciyata ta koma kan 'yan kurkura. Na ce hannu aka sa mani. Na daina amsa gaisuwarsu da kyau, bayin Allah, su da ba su san ma ina yi ba. Na nemi taimako wurin malamai, aka yi addu'a, aka ba ni abin da zan yayyafa a tayoyi. Wani dattijon malami a Kusada ne ya dube ni ya ce addu'a za a yi, amma in ci gaba da zuwa wurin bakanike.

Su kuwa mutanena su ke biyan kuɗin wautata. Kasuwa ta safe ce. Masu sayen wake da ke zuwa daga nesa sukan cika motocinsu su juya kafin rana ta take. In muka iso a makare, sai 'yan baranda, su taya yadda suka ga dama. Akuya ta sha rana a bodi ta iso tana layi, mai saye ya ce ba ta da lafiya. Mata su koma gida da rabin ƙuli-ƙuli. Da farko ana yi mani jaje. Daga baya aka daina. Sai na fara lura bodi ba ya cika. Wane ya ce yau ba shi da kaya, in hango shi a kasuwa da buhu biyu, ya riga ni isa.

Abu ce ta faɗa mani a fili, wata ranar da muke komowa. Ba ta yi wasa ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ta ce matan sun yi magana, ita ta riƙe su saboda zumunci da daɗewa, amma ba za ta iya riƙe su fiye da kasuwa ɗaya ba. In aka sake kwanciya a hanya, kowa zai nemi abin hawa. Na ce mata an kai injekta Kano, magana ta ƙare.

Jajibirin ranar na wanke motar. Na cika tanki har sai da mai ya taɓo yatsana, na sa leda sabuwa fil, na ƙara ninki ɗaya saboda hadarin da ya haɗo. Da safe suka shiga. Wannan karon ko Kusada ba mu gama wucewa ba ta fara shessheƙa. Na lallaɓa ta ta gangara gefen titi, ta yi shiru.

Na buɗe ƙofa zan sauka, sai Abu ta ce, da ƙarfin da na bayan za su ji: "Iro, don Allah yau rage mamu wasan kwaikwayon. Je ka buɗe mata bakin nan na baya yadda ka saba, ka danna abin dannawarka mu tafi. Duk sauran taɓe-taɓen nan na banza ne, mun daɗe muna kallo."

Aka yi dariya a bodi. Ba mai yawa ba, amma na ji ta. Ni da na yi shekara da shekaru a kan hanya, mai man gyaɗa za ta koya mani gyaran mota a gaban maza? Na ce mata tanki na cika shi jiya da hannuna, ba abin da zan duba a can, ta bar aikin maza ga maza. Karon farko ke nan tun ina yaron mota da mota ta tsaya ban fara da tanki ba.

Na buɗe bonet. Ɗan famfon hannun nan na tarar ya shige ciki ya lafe, in na danna ba ya dawowa. Na jawo shi da filaya, ya koma. Na sassauta bututu, na murɗa makulli, ba mai ba kumfa. Na ɗaure, na kwance, na sake murɗawa har batir ya fara nishi. Rana ta ɗago. Abu ta leƙo ta ce, a hankali wannan karon, in je in buɗe. Na yi kamar ban ji ba. Da ta yi shiru tun farko da tuni na buɗe, amma yanzu in na buɗe kuma ta tashi fa?

Kurkura ta farko ta tsaya a bayanmu. Matuƙin ya gaishe ni da ladabi, ya tambaya ko akwai abin da zai taimaka. Na ce babu. Wani mai wake ya sauko da buhunsa ba tare da ya dube ni ba. Ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Aka kwance awaki. Ni da kaina na taya su sauke jarkoki, don igiyar ɗaurina ce, ba mai iya kwance ta. Abu ce ta ƙarshe. Ta gyara mayafi ta hau kan buhun wani, suka tafi.

Da hanya ta yi tsit, na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Na zaga baya na murɗe murfin. Ledar ta lotsa ciki kamar kumatun tsohon da ba haƙori. Da na ɓamɓare ta sai tankin ya ja iska da ƙara, fuuu, har ƙarfen ya yi wani ɓas. Ashe kullum yana yin haka, ni kuwa hankalina na kan kara. Na danna famfo ya dawo. Na murɗa makulli da ɗan ran da ya rage wa batir. Ta tashi. Na shiga kasuwa da mota wayam, na wuce mutanena suna sauke kaya daga kurkura.

Da na kai wa Haruna labari ya zauna a kan taya ya riƙe kai. Ya ce tanki dole ya sha iska a madadin man da injin ke ja, in ba haka ba sai ya riƙe man. Murfin yana da 'yar ƙofar iska, na toshe ta da leda. Akwai kuma wani siririn bututu a saman tanki da ke yin wannan aikin. Muka zura waya a ciki, sai ga ƙasa tana zubowa: zanzaro ya yi gini a ciki tun motar tana ajiye ƙarƙashin bishiya. In mai kaɗan ne a tanki, iskar da ke ciki ta isa a yi yini. In an cika shi fal, tafiya kaɗan ta isa. Wato duk jajibirin da na cika tanki don kada in ji kunya, kunyar nake aunawa. Gyaran duka bai kai shan shayi ba.

Tun daga ranar motar nan ba ta sake tsaya mani a hanya ba. Tana nan, tana ɗebo yashi, tana kai taki, tana kwasar kara da kaka. Aiki ne, ana ci, sai dai yashi ba ya hira, kuma bayana ya fara gaya mani shekaruna.

Ban haƙura nan da nan ba. Kasuwar da ta biyo baya na isa Bauranya da wuri, na tsaya inda na saba tsayawa, na bar injin yana aiki don kowa ya ji lafiyarta. Mutane suna wucewa suna gaishe ni da mutunci, suna kai kayansu inda kurkura suka yi layi. Abu ta fito, ana biye da ita da jarkoki. Na tare ta. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na zanzaro da na iska, na ɗan rage na leda. Na ce ta gaya wa matan ba sauran abin tsoro, mota ta zama sabuwa, filta sabuwa, tiyo sabo, nozul an saita, injekta daga Kano, ba abin da ban canza ba.

Ta saurare ni har na gama. Ta sa aka ɗora jarkokinta a kurkura, ta kama ƙarfe ta hau, sannan ta juyo.

"Na ji, Iro. Duk ka canza masu lafiya. Shi wanda ya lalacen ai ga shi nan tsaye da makulli a hannu."